Koren Kofin Shalele

Ranar da Tela ta tashi kwashe kayan kabad ɗin kicin don a yi fenti, can ƙurya bayan tsofaffin farantai hannunta ya ci karo da wani koren kofin roba, kunnensa a tsage, an ɗaure shi da waya. Sai ta ja kujera ta zauna.

"Baban Shalele! Zo ka ga abin da na tsinta!"

Mijinta, mai gyaran firji, ya leƙo yana goge hannu da tsumma. Yana ganin kofin ya tuna mahaifiyarsa, ya ce, "Allah ya jiƙan Inna."

Shekara goma sha biyu ke nan, amma Tela tana tuna komai. Lokacin Shalele, ɗansu tilo, yana da shekara biyar. Ba ya magana, ba ya haɗa ido da kowa, ko ƙarar blanda, injin markaɗe, ya ji sai ya toshe kunne ya yi ta ihu. Ruwa kuwa ba ya sha sai a koren kofin nan. Likita ta ce musu otizim ne, lalura ce da ake haihuwar yaro da ita, ba laifin kowa ba ne. Ta kuma dubi Tela ta ce, "Ki nemi mai kama miki, ki riƙa hutawa." Tela ta riƙe rabin farko na maganar, na biyun ta bar shi a ofishin likita.

Ta rufe shagon ɗinkinta. Ta daina zuwa ko'ina. Kai, ko wanka a tsaitsaye take yinsa, ƙofa a buɗe, kunne na falo! Su da a da duk yammacin Asabar sai sun taka har bakin gada sun sha askirim, yana tsokanarta da "'Yar tela", yanzu hirarsu ba ta wuce "Ya ci?" da "Ya yi barci?"

Inna, uwar mijin, ba ta rufe baki a kan abin da ta gani.

"Sangarta ce kawai! Wane irin otizim? 'Ya'ya bakwai na raina, babu wanda ya taɓa zaɓar mini kofi. Kin lalata yaro, kin mayar mini da ɗa baƙo a gidansa!"

Bayan ta tafi Tela ta tare mijin da hawaye.

"Kana ji ka yi shiru? Kai ma ka yarda ni na lalata shi?"

"Ban ce ba! Amma ke kina barina na taɓa shi? Na ɗauko kofi, kin ƙwace. Na sa masa riga, kin ce ba haka ake yi ba. Ni ma fa ubansa ne! Dubi yadda kika koma, wuya duk ƙashi!"

"To in ka gaji da ni ka sallame ni mana!"

Maganar ta fito kafin ta kama ta. Shi ma ya tsorata, ita ma ta tsorata. Washegari tana shanya a tsakar gida jiri ya kwashe ta, sai farkawa ta yi a gadon asibiti ana ƙara mata ruwa. Jininta ya hau, likita ya ce kwana uku ba inda za ta.

Inna ta tare a gidan da niyyar gyara yaro. Aikinta na farko, ta ga tsohon kofi duk ya koɗe, ta jefa shi a shara, ta sayo sabo fil mai hoton mota.

A rana ta biyu wayar Tela ta yi ƙara. Mijinta ne.

"Shalele bai sha ruwa ba tun jiya da safe. Leɓensa har ya tsage."

"Ina koren kofin?"

Ya fara kame-kame, Tela ta gane an jefar da shi. Ta yunƙura za ta fizge allurar hannunta, nas ta riƙe ta gam.

"Don Allah ki kwanta," in ji shi. "Wannan karon ki bar mana. Ki faɗa mana yadda ake yi kawai."

A rayuwarta ba a taɓa roƙonta abu mai wuya irin wannan ba. Ta runtse ido, ta haɗiye kuka.

"Ku nemo shi. Ruwa rabi za a zuba. A ajiye a kan ƙaramin tebur, kunnen ya kalli dama. Kada kowa ya ce masa sha. Ku juya masa baya."

Daga baya maƙwabta suka ba ta labari. Inna, mai tsabtar da ko ƙofar gidan wani ba ta taɓawa sai ta wanke hannu, ta ɗaure gyale a ƙugu ta shiga juji a ƙarshen layi, tana tona shara da hannu biyu cikin rana tsaka. Ta samo kofin kunnensa ya tsage. Ta wanke shi sau biyar, ɗanta ya ɗaure kunnen da wayar gyaran firji.

A ranar dai mijin ya sake kiran Tela, ya ajiye wayar a kan tebur. Tela ta kasa kunne. Shiru... shiru... sai ta ji ƙwat, ƙwat, ƙwat.

"Ya sha! Wallahi ya sha!" Inna ce, cikin kuka. Ta ɗauki wayar. "'Yata, ashe haka kike fama shekara biyar ke kaɗai, ni kuma ina bin ki da baki? Ki yafe mini."

Tela ta yi kukan da ta daɗe ba ta samu lokacin yinsa ba.

Tun daga nan duk Asabar ƙarfe huɗu Inna na sallama da jakarta.

"Ku fice mini daga gida, ni da maigidana za mu yi hira!"

Asabar ta farko Tela ko kwanar layi ba ta kai ba ta juyo da gudu, wai ta manta ba ta faɗi wani abu ba. Ta tarar Inna ta danna sakata.

"Ba na buɗewa sai shida!"

Dole ta bi mijinta har bakin gada. A can ya miƙo mata askirim ya ce, "'Yar tela, maganar sallama fa?" Ta rufe fuska don kunya, suka yi ta dariya har masu wucewa na kallonsu. Sannu a hankali ta sake buɗe shago, ta shiga taron iyayen yara irin nata da ake yi a asibiti duk wata, ta koyi cewa "na gaji" ba tare da jin ta yi laifi ba. Shekara tara Inna ta yi tana wannan zuwan, har ciwon ajali ya kwantar da ita.

Motsi a bakin ƙofa ya dawo da Tela kicin. Shalele ne, ya zama saurayi dogo, shi ke ware mata maɓallai launi-launi a shago. Ya dubi kofin, ya karɓa, ya ajiye a kan tebur, ya juya kunnen dama.

"Inna," ya ce.

Tela ta share ido. Ta yi haƙuri da ɗanta tun farko, amma sai da ta faɗi ta gane cewa uwa ma mutum ce, hutunta ba cin amanar ɗa ba ne, kuma renon yaro irin Shalele ya fi ƙarfin hannu biyu.

Sallamar ƙanwar mijinta suka ji daga waje, wadda ta gaji Asabar ɗin Inna. Mijin ya dubi agogo, ya ajiye tsumman.

"'Yar tela, huɗu ta yi. Ɗauko mayafinki."