Hayaƙin Ɗan Laɓe

Ranar Laraba ce firintar kantin tabarau ta cije, aka kira mai gyara, kuma daga ranar rayuwar mutum biyu ta canja hanya.

Mai gyaran saurayi ne dogo siriri, irin wanda in ya juya gefe sai an neme shi. Abokansa Tsinke suke ce masa. Yana durƙushe yana zaro takardar da ta maƙale, yatsunsa duk baƙin tawada, sai ya ji ƙarar wata ƙararrawa daga wayar budurwar da ke tsaron kantin. Ya san ƙarar. Ita ce ake bugawa a ƙofar birnin wasan da ke cinye masa data da hutun rana.

"Mataki nawa?" ya ce, bai ɗago ba.

"Sittin."

Sai ya ɗago. Ta sa tabarau mai faɗi, tana dubansa ta samansa kamar malamar da ta kama mai satar amsa.

"Kai fa?"

"Arba'in da ɗaya. Ɗan laɓe."

"Allah sarki," ta ce. "Shi ya sa ka rame."

Ga wanda bai san wasan ba, dokarsa ɗaya ce mai zafi: jarumin da ya mutu ya mutu. Ba a tashinsa, ba a roƙon kowa, sai dai a koma mataki na ɗaya da wanduna tsumma. A cikin duk jaruman kuwa babu mai saurin mutuwa kamar ɗan laɓe. Ba shi da sulke, ba shi da jini mai yawa, duka biyu ya ishe shi. Abin da yake da shi wuƙa ce mai guba da ƙullin hayaƙi ɗaya, wanda in ya jefa sai ya ɓace, dodon da ke binsa ya juya kan wani.

Tsinke ya binne 'yan laɓe huɗu kafin ya koyi zama da rai. Ya koyi kada ya tari dodo ta gaba. Kada ya taɓa biyu a lokaci ɗaya. Kada ya shiga kogo sai ya san ta inda zai fita. In ya jefa hayaƙi, ya zauna a bayan dutse minti uku cur har ƙullin ya sake cika, ko da abokan tafiya suna zaginsa. Da wannan tarbiyya ya kai inda ya kai, kuma yana alfahari da ita kamar digiri.

Jarumin budurwar kuwa wani dattijo ne mai farin gemu da sanda, mai warkar da raunin abokan tafiya. Tsoho sunansa.

"Me ya haɗa ki da gemu?" Tsinke ya tambaye ta a zuwansa na uku. Firintar lafiyarta lau a lokacin.

"Na Yayana ne. A gadon asibiti ya raine shi, wata tara, da hannu ɗaya, ɗayan yana ɗaure da ƙarin ruwa." Ta goge wani tabarau da ba ya buƙatar gogewa. "Shekara biyu ke nan da rasuwarsa. Ni nake kiwon Tsoho yanzu."

Ya ce Allah ya jiƙansa. Ta ce amin. Daga ranar suka fara fita farauta tare, shi a gaba yana sanɗa, Tsoho a baya yana ɗinke shi.

Soyayyarsu ta bi hanyar da ta saba bi, ba ta ƙirƙiro komai ba. Ya sa mata Likita, ta sa masa Ɓarawo. Saƙonni suka yi yawa.

"Likitata, na kai arba'in da bakwai. Kura biyu suka biyo ni, na hau dutse na bar su suna zagin juna. Kin ci abinci?"

"Na ci. Ɓarawona, kai ko kunya ba ka ji, kullum labarin gudu. Yaushe za ka ba ni labarin da ka tsaya?"

"Ranar da na ganki na tsaya. Har yau ban motsa ba."

"Maƙaryaci. Ka zo da yamma, an kawo sababbin tabarau, akwai wanda zai rufe maka waɗannan kunnuwan."

Akwai na uku a tafiyar, kamar kullum. Shugaban ƙungiyarsu ne a wasan, mai makarantar koyon tuƙi, ƙato a wasa ƙato a fili. Garkuwa ake kiransa, don jaruminsa ne ke tsayawa gaba yana shan duka. Idonsa garau, amma a wata biyu ya sayi tabarau uku. Yakan ce wa Tsinke, a gaban kowa, "Ƙanena, kai dai ka riƙa tafiya a bayana, kar iska ta ɗauke ka."

Akwai kuma Baba, mahaifinta, tsohon malamin lissafi da ya yi ritaya da jan biro a aljihu. Sau ɗaya Tsinke ya shiga gaishe shi. Falon cike da littattafai da ƙamshin man zafi, ga kujeru huɗu, ya zaɓi ta bakin ƙofa.

"Kujerar nan ta masu karɓar kuɗin wuta ce," in ji Baba. "Matso."

Ya matso kujera ɗaya.

Bayan ya tafi Baba ya ce, "Auta, yaron nan ya dubi ƙofa sau shida, ni sau biyu. Na ƙirga. Shekara talatin ina koyarwa, na san ɗalibin da zai tsaya ya share aji da wanda zai ce cikinsa na ciwo. Ban yarda ba."

"Baba, kunya ce."

"Kunya ƙasa take kallo."

Ta yi kuka, ta rubuta wa Tsinke: "Baba ya ƙi. Amma ni na san ka. Ka yi haƙuri da shi."

Ya amsa: "Zan jira, Likita. Jira ne sana'ata."

A haka aka kai wata Asabar da la'asar. Tsinke yana mataki na hamsin da takwas, saura biyu ya kai ƙarshe, abin da 'yan laɓe kaɗan ne suka taɓa gani. Su uku suka shiga wani kogo, kowa a inda yake, suna jin muryar juna ta waya. Shi yana shagonsa, tsakanin gawarwakin firintoci. Garkuwa ya tare babban dodon. Ba wanda ya lura da na biyu sai da ya fito daga bango ya maki Tsinke. Jininsa ya koma ɗan jan zare.

"Tsaya, Ɓarawo," ta ce. "Daƙiƙa biyu, ina haɗa maka magani. Kar ka jefa."

Ya san dalilin maganarta. Duk ɗan laɓe ya sani: in ka ɓace, dodo kan wanda ya fi warkar da kai yake juyawa. Tsoho yana taku uku a bayansa, ba sulke, sai gemu da sanda.

Masu rubuta labaran soyayya sukan ce a irin wannan lokaci hankali gushewa yake. Nasa bai gushe ba. Ya tuna wata goma sha huɗu na laɓe a bayan duwatsu. Ya auna, ya ga wataƙila maganin ya iso, wataƙila kuma dukan ya riga shi. Ya sa babban yatsa ya danna hayaƙi.

Duka uku aka yi wa Tsoho. Ya faɗi a kan sandarsa.

Can sai aka ji ƙarar kujera daga ɓangarenta, layin ya yanke.

Minti goma bayan haka ya rubuta mata, kuma hannunsa ko rawa bai yi ba:

"Likita, wayata ce ta daskare. Netwok ya ɗauke, na yi ta danna ko'ina ban ga komai ba. Da ya dawo na tarar da abin da ya faru. Wallahi ban san me zan ce ba."

Ba ta amsa ba, kwana huɗu.

Garkuwa bai yi sanya ba. Ya ɗauki hoton bayanan faɗan, inda wasan ke rubuta abin da kowa ya yi daƙiƙa bayan daƙiƙa, ya kai mata har kanti. "Ga shi nan, ƙanwata. Kin ce kar ya jefa, ya jefa. Ni ban ce komai ba, karanta da kanki."

Gaskiya ya faɗa. Sai dai ya faɗe ta yana murmushi, ga sabon turare, kuma a wannan zaman ya tambaye ta ko tana da lokaci ranar Lahadi. Ta ce ya ɗauke hotonsa ya fita. Bayanan sun nuna an danna, ba su nuna me ke ran mai dannawa ba.

A rana ta biyar Tsinke ya tafi gidansu da niyyar faɗin gaskiya. Ya shirya maganar a hanya, kalma bakwai ce. Ya shiga ta ƙofar gaba, ya wuce kujeru uku, ya zauna dab da Baba. Ta fito idanunta a kumbure, ba tabarau, sai ya ga ashe fuskarta ƙarama ce.

Ya buɗe baki, kalmomin suka ƙi. Sai ya ciro wayarsa, ya buɗe wasan, ya nuna mata ɗan laɓensa mai mataki hamsin da takwas, ya danna gogewa. Wasan ya tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce ya tabbata.

"Me ka yi?" ta ce, ta riƙe baki.

"Ba zan yi yawo da shi ba Tsoho yana ƙasa."

Ta fashe da kuka, irin wanda ke wanke mutum. Shi ma ya yi. Kukansa na gaske ne, kuma ya gane tun a lokacin cewa goge wata goma sha huɗu ya fi masa sauƙi a kan kalma bakwai.

Baba ya aike ta ta kawo ruwa. Ya cire tabaransa, ya daɗe yana murza ido.

"Ban san wasan nan ba, kuma ba na son sa," ya ce. "Amma in tana yi nakan tsaya a bayanta in ga dattijon nan yana tafiya. Yayanta ne ya zaɓa masa gemun, wai irin nawa." Ya mayar da tabaran. "Tambaya ɗaya, kuma ba zan sake yi ba. Da gangan ne?"

"A'a, Baba."

Tsohon malamin da ya kama masu satar amsa shekara talatin ya dube shi, ya gyaɗa kai. Wataƙila tsufa ne. Wataƙila kuma ya gaji da rashi.

"Ka zo ranar da ake kuka, ka zauna. Wannan na gani. Ka turo manyanka."

Da yammar ta rubuto: "Ɓarawona, ka yafe min, har na yi kwana huɗu ina zarginka. Mu fara daga mataki na ɗaya, ni da kai. Wannan karon ba gemu."

"Ni ne mai neman yafiya, Likita."

"Na me? Kai ka ƙera netwok?"

Ya karanta tambayar. Ya tura mata hoton fure.

Bayan wata biyar aka ɗaura aure. Mutane suka cika gidan har tsakar gida, ƙannen mahaifiyarta suna ta tsokanar ango wai a ƙara masa abinci kafin a ba shi amana. Garkuwa ma ya zo, sanye da ɗaya daga tabaransa uku, ya ce, "Ƙanena, Allah ya sa alheri," ya matse masa hannu har ƙashi ya yi ƙara. Baba ya dafa kan 'yarsa, ya dafa kafaɗar angon.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Ya ba ku 'ya'ya masu jin magana. Ya sa kowannenku ya zama wurin jinginar ɗan'uwansa. Ga ta nan, ita kaɗai ta rage min."

Aka ce amin. Addu'ar kuwa ta karɓu. Sun yi shekara goma sha shida, da 'ya'ya uku, da faɗan da ba ya kwana. Ya zama miji na kirki, mai kai yara makaranta, mai zaman jinya. Wasan ya tsufa, aka daina yinsa, amma labarin bai tsufa ba a bakinta. Duk baƙon da ya zauna a falonsu sai ya ji shi: yadda netwok ya kashe Tsoho, yadda mijinta ya goge nasa jarumin a gaban Baba. "Ranar na san wa zan aura," takan ce, ta dube shi ta saman tabarau. Shi kuma ya yi murmushi ya tashi ya ƙaro shayi.

Ya sa wa kansa ranakun faɗa mata gaskiya. In ta haihu. In Baba ya kwanta dama. In yara sun girma, lokacin abin zai zama na dariya. Da ciwo ya kama ta kuma likitoci suka fara magana a hankali, sai ya ce ba yanzu ba, ai zalunci ne, sai ta samu sauƙi.

Ta rasu wata Litinin da hantsi, yana riƙe da hannunta. Maganarta ta ƙarshe da ya fahimta ita ce ya tuna da takalman makarantar autarsu.

Kalma bakwai ɗin suna nan yadda ya shirya su a hanyar gidansu:

Netwok lafiya yake, Likita. Ni na danna.