Ƙullin Ƙarshe

"Cire kwat ɗin nan, Auta."

"Inna, sanyi nake ji..."

"Sanyi, a ɗakin da gawayi ke ci tun safe? Yayanki har gumi yake. Cire na ce."

Ni ban yi boko ba, amma babu mai koya mini karatun jikin 'yar da na haifa. Dangin mijinta na yawo da ni wai tsohuwa ta fasa wa surukinta kai ranar taron gida. To, na fasa. Ga yadda aka yi, kowa ya ji da kunnensa.

Duk hutun sanyi na ƙarshen shekara 'ya'yana da jikokina a ɗakina suke haɗuwa. Su kawo tsarabarsu, ni in dafa nama, in ba kowa rigar sanyi da na saƙa da hannuna. Tun mahaifinsu na da rai haka muke. Kuma ba na ƙulle zaren ƙarshe sai mutum ya sa rigar a gabana, in shafa kafaɗa, in ja hannu, in ga ta zauna, sannan in ƙulle a jikinsa in gatse zaren. Wanda na ƙulle wa, ɗan gida ne.

Mijin Auta mai kantin magani ne. Ita ta kawo shi, tana kuka tana "Inna, in ba shi ba mutuwa zan yi." Na ba shi. Ranar ma shi ya fi kowa kaya: bargo nawa, takalma na yara, ita kuma doguwar kwat mai maɓalli har wuya. Ya zura tasa rigar ruwan toka yana juyi, wai "Mama, bana kin fi bara." Na ce ya jira, da 'yata zan fara.

"Zumata, bar kwat ɗinki," in ji shi yana murmushi. "Mama, mura ke damunta. Ni na san abin da ya dace da ita."

"Kai ka san magani, ni na san 'yata."

Na dafa kafaɗarta. Ta yi ƙara kamar na ɗora mata garwashi. Ban ƙara tambaya ba, na fizge maɓallan suka watse a ƙasa.

Daga kafaɗa zuwa wuyan hannu babu wurin sa yatsa. Wani tabon ya yi baƙi, wani ɗanye ne. Haƙarƙarinta naɗe da bandeji, naɗi mai kyau irin na wanda ya iya aikin. Fuska kuwa tas, ko ƙwarzane babu. Ya san inda ido ke kaiwa.

"Faɗuwa na yi a banɗaki, Inna..."

"Banɗakin naku yatsu gare shi?"

Matar Babba, wato matar babban ɗana, ta kwashe yara ta yi ciki da su.

"Tashi mu tafi," ya ce, murmushin ya ɓace. Ya damƙe ta daidai kan ciwon.

"Don Allah masoyi, bari mu ci abinci tukuna. Inna ta sha wahala..."

Ya ɗauke ta da mari. A ɗakina, a gaban idona.

Ludayin ƙarfe na cikin tukunya. Ban san lokacin da ya zo hannuna ba, sai dai na ji ƙararsa a goshinsa, jini ya wanke masa ido. Na ɗaga zan ƙara, ya hankaɗe ni. Na tafi da baya, na dafe kaskon wuta da hannun dama, tukunya ta kife, naman da na wuni a kansa ya malale a tabarma. Babba mai walda ne, hannunsa kamar guduma. Ya shaƙe shi ya buga da ƙofa, ya sake bugawa, har ƙyauren ya tsage.

Sai ga Auta a ƙasa, ta rungume ƙafar yayanta.

"Yaya, kar ka kashe shi! Ina son shi... wallahi ina son shi."

Wannan ta fi garwashin ƙona ni.

Babba ya sake shi. Mijin ya tsaya a bakin ƙofa yana haki, ya yi ƙasa da murya.

"Zumata... kin san ba halina ba ne. Wa ke ɗaure miki ciwon? Wa ke zama yana miki fifita? Taho, hasken idona, mu je gida."

Ta miƙe. 'Yata ta miƙe ta bi shi, ta riƙe gefen rigarsa kamar yarinyar da za a tsallaka da ita titi. Ni kuwa fatar tafin hannuna na ta zubowa. A ƙofa ta waiwayo.

"Masoyi, dubi hannun Inna. Kana da maganin ƙuna a mota..."

"Ita ta jawo wa kanta," ya ce, ko waiwaye bai yi ba.

Ta tsaya cak.

"Haka kake ce mini kullum," ta faɗa a hankali.

Bai ji ba. Ya ci gaba da tafiya, ya saba ana bin sa. Abin da ke tsakanin yatsunta kuwa zaren nan ne da ban ƙulle ba. Yana tafiya rigar na warwarewa, layi bayan layi, zare na miƙewa a tsakar gida. Sai da ya kai mota sanyi ya taɓa masa ciki ya duba. Ya kira ta da zuma, ya kira ta da zagi, ba ta motsa ba. Ya tsinke zaren ya ja mota.

Ta naɗe shi a hannu tana kuka, ta zo ta kwanta a cinyata.

"Inna, har yanzu ina son shi."

"Na sani, Autata. So shi daga nan."

Jiya kawunsa ya zo wai in ba da haƙuri a rufa asiri. Na nuna masa hannuna, na nuna masa ƙofa. Abin da nake nema bai da yawa: yaron ya zo gaban iyayensa da nawa dangin, ya faɗi da bakinsa abin da ya yi wa 'yata, ya sawwaƙe mata. In bai zo ba, ni zan je, kuma gaban hukuma zan fara tsayawa.

Likita ya ce yatsun nan da wuya su sake riƙe allurar saƙa. Auta ce ke riƙe da ita yanzu. Da zaren nan ruwan toka ta saƙa mini safar hannu, karkatacciya, babban yatsan ya fi nawa tsawo. Ta zura mini a hankali, ta shafa, ta ja, ta ga ta zauna. Sannan ta ƙulle, ta sunkuya ta gatse zaren.