Gurbin Baba Ɗantsoho a Rajista

A cikin wata tsohuwar Fijo da ta taso daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis Abdulfatah ya fara ganin Safara'u. An cusa su su huɗu a kujerar baya, ita rungume da akwatin allurar rigakafi, shi da wani ƙaton littafi a cinya, ya juyo bangonsa yadda kowa zai gani.

"Malam, littafin nan ai ya fi ka nauyi," ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Na koyon shugabanci ne," ya ce, har da gyara zaman hula.

"To shugaba, a ɗan matsa, an danne mini gyale."

Kafin su sauka ya san sunanta da asibitin da take aiki. Gidansu ne kawai ta ƙi faɗa masa.

A 1994 ne, jiha tana sabuwa, ana neman ma'aikata masu horo. Abdulfatah ɗan garin Sule Tankarkar ne, ƙaramin akawu a sakatariyar wata ƙaramar hukuma ta ƙasar Gumel. Aka sa shi cikin masu kwas na shekara guda: mako ɗaya a aji, uku a bakin aiki. A ƙarshe kowa zai rubuta rahoton gyaran da ya kawo a ofishinsa, ya kare shi gaban kwamiti. Yaron kirki ne, sai dai karatun ya hau masa kai, har tafiyarsa ta canza.

Wasiƙu suka fara kai da kawowa tsakanin sakatariya da asibiti. Yana kiranta Sanyin Idona, ita kuma Shugaba take ce masa, rabi so rabi tsokana.

Ana cikin haka aka damƙa masa rajistar zuwa aiki. Ƙarfe takwas ake jan layi da jan biro, duk wanda ya sa hannu a ƙasa ya makara. Sai ya lura kullum ana barin gurbi ɗaya a saman layin. Wasu ranakun tsohon masinja, Baba Ɗantsoho, sai sha ɗaya yake zuwa, ya sa hannu a gurbin nan kamar da asuba ya iso. Abdulfatah bai tambayi kowa ba. Murna ma ya yi, ya samu abin sawa a rahoto.

Wata Litinin ya ja layinsa bai bar gurbi ba. Da tsohon ya shigo, hannun rigarsa a jiƙe, ya tare shi a baranda gaban mutane, ya karanta masa takardar tuhuma da ƙarfi, sannan ya manna ta a allon sanarwa.

"To, ranka ya daɗe," shi ne kawai abin da tsohon ya ce.

Bayan mako biyu wasiƙar da ya daɗe yana jira ta zo: "Shugabana, na gaya wa Inna maganarka. Ka zo Juma'a bayan la'asar, gida mai darbejiya biyu a bayan masallacin unguwar yamma. Kada ka zo da littafin nan. Taka, Safara'u."

Ya sha wanka, ya sha turare, ya je ya yi sallama a zaure. Wanda ya amsa yana zaune kan buzu da carbi a hannu, Baba Ɗantsoho ne.

"Ranka ya daɗe, ko a nan ma na makara?"

Abdulfatah ya durƙusa. Da ƙasa za ta tsage, da ya shige.

"Na san abin da ya kawo ka," tsohon ya ce a hankali. "Takardarka ba ta dame ni ba. Amma ba zan ba da 'yata ga mutumin da yake yanke hukunci bai yi tambaya ba. Ka gaida gida."

Ranar Litinin ya kasa haɗa ido da kowa. Madam Magdalena mai buga tafireta, wadda ta zo daga Filato tun kafin a haife shi, ita ta kira shi ta rufe ƙofa.

"Ɗana, ka san me ya sa muke bar masa gurbi? Shi ke wankan gawar maza a garin nan. Duk wanda ya yi rashi, shi ake bugawa ƙofa. Shekara ashirin da shida, ko goro bai taɓa karɓa ba. Da mijina Jonah ya rasu, shi ya nemo kafinta da mota, ya raka mu har gida, alhali ba addininmu ɗaya ba. Ranar da ka tsayar da shi, daga wankan mahaifin direbanmu yake. Ba ka ga hannun rigarsa ba?"

Ya gani. Abin da ya fi ci masa rai ke nan, ya gani da idonsa.

Washegari wata wasiƙar ta zo: "Abdulfatah, ni ma ina da nawa laifin. Na san inda kake aiki, na ɓoye maka cewa babana masinja ne, ina tsoron kada ka raina mu. Yanzu kunyarsa nake ji fiye da taka. Mutanen Alhaji Sajo dillalin shanu sun kawo goro, Baba bai ba su amsa ba tukuna. Ni dai kai nake so, amma ba zan tsallake maganarsa ba."

Ya amsa da layi biyu: "Sanyin Idona, a bainar jama'a na yi ɓarnar, a nan zan gyara. Ki roƙa mini a ba ni lokaci."

Washegari ƙarfe sha ɗaya na safe, a barandar nan dai, ya cire takardar daga allo, ya cire hula, ya tsuguna gaban tsohon, ma'aikata sun yi cirko-cirko.

"Baba, na yi muku rashin kunya. Ku yafe mini."

"Tashi, za ka ɓata wando," in ji tsohon, ya ɗauki fayilolinsa ya wuce. Bai ce ya yafe ba.

Saura rahoton, wanda tuni an miƙa shi, kuma labarin masinja mai makara shi ne babi na farko. Ranar karewa a Gumel, shugaban kwamiti ya yaba babin, ya ce irin tsayuwar da ake so ke nan. Abdulfatah ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ina roƙon a cire babin nan. Mutumin bai yi laifi ba, ni ne ban yi tambaya ba."

Ya ba su labarin duka. Sai aka gaya masa ba babin, ba rahoto: sai ya sake wani, ya dawo bayan wata shida. Abokansa suka karɓi takardar shaida, aka ɗauke su hoto, shi yana tsaye can gefe.

A wata shidan nan ya koyi zama da masu gadi da masu shara yana sauraro. Sabon rahotonsa ya nemi a rubuta izini a doka ga duk mai hidimar jana'iza, aka kuma amince. Madam Magdalena ce ta buga shi, ita ce kuma ta kai wa tsohon labarin abin da ya faru a Gumel. Goron Alhaji Sajo ya koma inda ya fito.

Da ya karɓi takardarsa, kawunsa Malam Ilu ya zo daga Sule Tankarkar neman aure. Aka ba su. Aka ɗaura bayan sallar Juma'a, jama'a har daga Gagarawa. Safara'u tana cikin gida an lulluɓe ta, dariya da kuka sun haɗe mata.

Da mutane suka ragu, Baba Ɗantsoho ya sa aka kira ango zaure. Abdulfatah ya shiga kai a ƙasa, kamar yadda ya saba shiga gabansa tun ranar nan.

"Ɗago kanka, kunyar ta isa haka. Na yafe tun ranar da ka tsuguna a baranda, so nake na ga ko tubarka a baki ta tsaya." Ya gyara zama. "Ni ba ni da ɗa namiji. Na wanke mutanen da ban san adadinsu ba, kullum ina tunanin wa zai wanke ni. Daga yanzu in an buga mini ƙofa, zan aiko ka riƙe mini buta, ka koya. Ranar da tawa ta zo, hannunka nake so."

Abdulfatah ya gyaɗa kai, hawaye na zuba. Tsohon ya dafa kansa.

"Allah ya yi muku albarka, kai da ita. Ya ba ku zuri'a mai tausayi. Tashi ka je, amaryarka na jira."