Wuyan Rigar Baba Labbo

"Wallahi Yaya, rigar ga ba ta fita gidan ga!"

Hanifa ta tsaya a bakin ƙofa, 'yarsu Hure na goye a bayanta, ta tare hanya da hannu biyu. Mijinta Sirajo ya dube ta, ya dubi ledar da ke hannunsa na hagu. Na daman kuwa yana rataye a wuyansa, ɗaure da karan ɗori, tun ranar da babur ya kayar da shi a hanyar Ambursa.

"Hanifa, saura kwana tara ɗaurin auren Nana Khadija. Mi kike so in yi? In yi surfani da haƙori?"

"Ka koya man, ni in ƙarasa."

Ya yi dariya har ɗorin ya motsa, ya ce, "Wash!"

"Allah shi ƙara," ta ce, amma ta riga ta tallabe masa gwiwar hannu.

Ta san abin da ke cin zuciyarsa. Mahaifinsa, Baba Labbo, masunci ne a Argungu. Shekara bakwai ke nan da Sirajo ya ajiye homa, ragar kamun kifi, ya taho Birnin Kebbi koyon surfanin keke, kuma a shekarun nan tsohon bai taɓa sa ɗinkinsa ba, bai taɓa sa wa sana'ar albarka ba. Sai bana ya aiko da farar shadda da saƙo guda: "In sana'ar taka ta kai, yi man wuyan rigar da zan sa ranar auren ƙanwarka."

Sirajo ya gama ɓarin dama kamar a ɗauka a ci. Washegari ya karye.

"In ka kai ma wani tela ya ƙarasa, mi za ka ce ma Baba?" ta tambaye shi.

"In ke kika ƙarasa fa? Ba duk ɗaya ba ne?"

"Ni da kai akwai wani?"

Sai ya miƙa mata ledar.

Ɗinkin kai-tsaye ta iya, wanda ake ɗora yadi keke ya ja abinsa. Da safen nan ya sa ta kwance ƙafar da ke danne yadi, ta rufe haƙoran keken, allura ta rage tsirara. Ya nuna mata yadda ake ɗame ƙyalle a cikin ƙawanyar katako har ya yi ƙara kamar fatar ganga.

"Yanzu keke ba shi jan komi. Ke za ki ja. Inda hannunki ya nufa, nan zare za shi bi."

Ta taka. Hannunta ya tsaya yana jiran keke kamar yadda ya saba, allura ta yi ta sara a wuri guda, zare ya cukuikuye a ƙasa. Ƙas! Allura ta karye.

"Ba komi, sa wata..."

"Kada ka motsa!"

Ta durƙusa tana shafa siminti. Hure ta fara rarrafe, kome ta gani sai baki. Sai da Hanifa ta ɗauko mayen ƙarfen tsohuwar rediyo ta bi ɗakin lungu-lungu, tsinin ya manne, sannan ta numfasa. Daga ranar ta kafa doka: keke ba ya motsi sai yarinya na goye ko tana barci.

"To, Hajiya," in ji Sirajo. "Almajiri da doka, malami da biyayya."

Kwana uku tana zagaye a kan tsohon zanenta. Da'ira ta fito kamar albasar da mota ta taka. Sai ta gane inda matsalar take: in ta zo kwana, tsoro kan kama ta, ƙafarta ta rage gudu, hannu kuwa ya wuce, ɗinki ya yi tsalle-tsalle.

Ran na huɗu da la'asar ta kifa kai a kan keken.

"Ban iyawa, Yaya... Ƙafata daban, hannuna daban. Na ɓata maka kwanaki a banza."

Ya jawo kujera da ƙafa, ya zauna dab da ita, kafaɗarsa ta hagu na gogar tata.

"Ɗauke ƙafarki."

"Mi?"

"Hannuna ya karye, masoyiya. Ƙafata lafiyarta lau."

Ya ɗora ƙafa a kan mataki. Keken ya ɗauki wani sauti da ba ta taɓa fitarwa ba, santsi, ba gaggawa, ba tsayawa. Ta kama ƙawanya da hannu biyu.

"Kada ki kalli allura. Kalli inda za ki."

Ta ja. Zare ya kwanta, ya lanƙwasa, ya dawo ya haɗe da mafarinsa.

"Yaya! Duba!"

"Na gani, zuciyata. Kada ki tsaya."

"To rage gudu, ba babur ba ne!"

Suka kwashe da dariya har Hure ta farka a baya ta taya su.

Ran na shida suka ɗora shaddar Baba, bayan Hanifa ta wanke hannu sau biyu ta yi bismillah. In ta gyara murya ya sassauta, in ta gyaɗa kai ya ƙara. Tuwo ya yi ƙauri sau ɗaya, babu wanda ya yi ƙorafi. Ranar Alhamis kafin azahar ta yanke zaren ƙarshe.

Da safiyar Juma'a suka sauka Argungu. Gidan cike da mata da ƙamshin soyayyen kifi. Baba Labbo na zaure yana ɗinke homa. Hanifa ta durƙusa daga gefe ta gaishe shi, kanta a ƙasa.

Tsohon ya warware rigar. Bai kalli fuskar aikin ba. Ya juya wuyan ciki waje, ya bi bayan ɗinkin da babban yatsa, yadda yake bin ƙullin raga. Ya bi dama. Ya bi hagu. Ya sake komawa dama.

"Nan hannunka ne," ya ce. "Nan kuwa ba kai ba ne."

Sirajo ya gyaɗa kai. "Gaskiya ne, Baba. Hanifa ce. Ni na taka, ita ta ja."

"Da ma ta iya?"

"A'a. Ni na koya mata."

"Kwana nawa?"

"Tara... har da na kuka."

Hanifa ta ƙara sunkuyar da kai, kunya kamar ta nutse.

Baba Labbo ya sake duban wuyan rigar. Sannan ya girgiza kai.

"Shekara goma ina koya maka riƙon homa, kifi na wuce ka yana gaishe ka. Kai kuwa kwana tara ka koya ma ɗiyar mutane wanga aiki." Ya yi murmushi. "Ashe ba cikin ruwa Allah ya aje rabonka ba, Sirajo. Allah shi yi ma sana'arka albarka. Ke kuma ɗiyata, Allah shi ba ki masu yi miki."

"Amin, Baba," ta ce.

Sirajo ya shafa addu'a da hannun hagu.

Tsohon ya miƙe, ya zura kai cikin rigar, ya baza hannuwa.

"To mi kake jira, malam tela? Taho ka daidaita man wuyan. Mutane na jirana masallaci."