Ranar da Na Sake Shiga Mota

"Kalli nan! Ki gaya min wannan ba ke ba ce!"

Injiniya ya dire wayarsa a kan keken ɗinkina har zare ya gangara ƙasa. Bakanike ne, ni ce na laƙaba masa Injiniya, shi kuma yana ce min Auta kamar 'yan gidanmu. Yau babu Auta a bakinsa.

Na duba wayar.

Ni ce.

Ina zaune a ƙuryar shagona, kaina a tsaye cak, idanuna suna gudu dama da hagu, dama da hagu. Hawaye sharkaf, bakina na rawa ina kiran, "Yaya... Yaya..." Wanda ya ɗauki bidiyon ya san abin da yake yi, ya datse kwamfutar da ke gabana, sai ni kaɗai kamar mai hira da bango.

"Wa ya ɗauke ni?"

"Shi ne damuwarki? Ummata ta gani, dangi kaf sun gani! Wasu na cewa iskoki ne, wasu na cewa taɓin hankali kuke ɓoyewa. Umma ta ce a bar maganar aure."

Ba sai an faɗa min ba. 'Yar kawunsa ce, wadda suke kira Gimbiya. Ranar ta zo karɓar ɗinki, na manta ban kulle ƙofa ba. Ta daɗe tana kallon Injiniya kamar kayan da aka ƙwace mata.

"Magani nake yi," na ce.

"Magani? A kwamfuta?"

"Likita ce mai zaman kanta, tana duba waɗanda firgici ya kama, ta intanet muke ganawa. Hatsarin da ya ci Yayana... ina cikin motar. Ƙofa ta maƙale, na kasa fita, yana gefena har ya daina numfashi. Tun ranar ban sake shiga mota ba."

Fuskarsa ta sauya.

"Shi ya sa nake ajiye motata in bi ki a ƙafa? Kika ce min motsa jiki kike so! Abokaina har waƙa suka yi min, bakanike da budurwa a ƙasa."

"Tsoro na ji..."

"Ba ciwon ne ya dame ni ba. Kin zaɓi ki yi kuka gaban baƙuwa, ni kika bar ni a waje."

Ya ɗauki wayarsa ya fita.

Ranar ganawata da likita ta gaba na kulle ƙofa, na ja labule, sannan na kunna kwamfuta. Likita ta fito da gilashinta a kan hanci. Na zayyane mata komai.

"Kin ji ciwo biyu ke nan," ta ce. "Da wanne za mu fara?"

"Da ƙofar motar."

"To. Ki kawo hoton a ranki, da ƙarar, da inda kike jin sa a jikinki. Ɗigon haske zai fito, ki bi shi da ido kawai. In ya yi miki yawa ki ɗaga hannu, mu tsaya."

Ɗigon ya fara tafiya a fuskar kwamfutar, dama, hagu. Warin fetur ya dawo. Hannuna na jan marfin ƙofa, ya ƙi. Ƙirjina ya toshe.

Ɗigon ya tsaya.

"Ja numfashi. Me ya zo miki?"

"Ba zan fita ba!"

"Riƙe wannan. Bi ɗigon."

Muka sake, muka kuma. Can sai wani abu ya faɗo min wanda ban taɓa tunawa ba. Wani hannu, baƙi ƙirin da mai, ya ɓalle ƙofar daga waje ya jawo ni.

"Likita... an buɗe. Ashe an buɗe min! Na fita!"

"Kin fita," ta ce a hankali. "Ga ki nan a shagonki."

Na kifa kai na yi kukan da ba irin na da ba.

"Ina so in je gidan su Injiniya," na ce daga baya. "A mota."

"Ban ce kin gama warkewa ba, da sauran aiki. Kada ki yi don ki burge wani. In don kanki ne, ki rungume kafaɗunki ki dinga bubbuga su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda na koya miki."

Da Mama ta ji, sai da ta ajiye wankin da take yi.

"Gidan da aka kira min ke mahaukaciya? Auta, ba ki da zuciya ne?"

"Ina da ita, Mama. Shi ya sa zan je."

Na kira Injiniya.

"Zo ka ɗauke ni. Da mota."



"Auta... kin tabbata?"

Ya dawo da sunan!

Ya iso da kayan aikinsa a jiki, duk baƙin mai. Ya buɗe min gaba. Na shiga na zauna. Ya riƙe marfin, ya kasa rufewa.

"Rufe."

"Rabin raina, za mu iya tafiya a ƙafa, na saba."

"Ka rufe, Injiniya!"

Ƙofar ta ce kif. Na rungume kafaɗuna, dama, hagu. Na fita, an buɗe min, na fita. Ya ja motar a hankali har masu keke na wuce mu.

"Ki yi wa Umma uzuri," ya ce, idonsa a titi. "Tun da gas ya fashe ya ci ƙanwata ba ta ƙara taka kicin ba. Ko ashana aka ƙyasta sai ta bar ɗakin."

Da muka isa, Umma na tsaye a bakin ƙofa, Gimbiya a bayanta. Kowa a dangin ya san ba na shiga mota, har an lissafa shi cikin alamun iskokin. Na buɗe ƙofar motar da hannuna na fito.

"Lallai!" Gimbiya ta tafa hannu. "Yau kuma sun ba ta izini ke nan?"

"Ke!" Injiniya ya daka mata tsawa. "Nuna wa Umma bidiyon tun daga farko, kafin ki datse!"

Ta hau kame-kame, ta sulale ciki.

Na durƙusa a falo na gaida Umma. Ta amsa can ƙasan maƙoshi.

"Me ya kawo ki?"

"Umma, ba iskoki ba ne. Akwai abin da ido ke gani ya ƙi wucewa. Shekaru su tafi, amma ƙara ɗaya ko wari ɗaya sai ya mayar da mutum wurin, kamar yanzu abin ke faruwa. Kowa ya ce ka yi haƙuri, kai kuma haƙurin kake yi, jikinka ne ya ƙi ji."

Na ga ta ja mayafi ta rufe hannunta na dama, mai tabon ƙuna.

"Kuma... yana raguwa?" ta tambaya.

"A mota na zo, Umma."

Ta daɗe tana kallon ƙofar kicin. Sannan ta juya ga ɗanta.

"Kai, tashi ka ba mu wuri. Ka kira kawunka, ka ce maganar aure tana nan."

Injiniya ya fita yana goge ido da hannun riga, ya shafa wa fuskarsa baƙin mai.

Umma ta miƙo min hannun nan mai tabo, ta jawo ni kusa da ita. 

"'Yata... wannan likitar taki, tana duba tsofaffi?"