Yadda Aka Karɓe Gidan Hambali

Ku matso, ku rage murya. Ni ban cika yarda da irin waɗannan abubuwa ba, amma gidan yana nan, mai shakka ya je ya leƙa.

Hambali ma'aikacin ofishin filaye ne. Shi aka tura Tudun Maƙera da gwamnati ta karɓe unguwar za ta fitar da titi. Mutane suka yi kuka, ya ce su yi da sauri.

Ranar da katafila ta gama rusau, ya tsaya shi kaɗai gab da magariba yana duba turakun awo. Sai ga wani tsoho a gabansa. Ƙasar a tone take, da laushi, amma babu sawu a bayan tsohon.

"Yallaɓai, an sallami kowa. Mu ina aka ba mu?"

Bakin tsohon a gaba yake motsi. Muryar daga bayan kunnen Hambali take fitowa. Ya ɗauka gajiya ce.

"Ku su wa? Ba ku da gida a nan."

"Mun riga masu gidajen zuwa."

"To ku zo gidana ku zauna mana," ya ce da gatse.

"Ka faɗa?"

"Na faɗa. Matsa, Baba."

"Mun gode. Muna da ɗan yawa."

A gidan Hambali, ɗakin baƙi ne ya fara ƙin buɗuwa. Ana jin shara a ciki. Sai madafa. Asabe, matarsa, ta ɗora tukunya, ta dawo ta tarar an sauke an ɗora wata. Ba ta tsaya gardama ba, ta kwashe yara ta yi gidansu.

Aka kira malamai. Babbansu ya fito yana share gumi.

"Ba kutse suka yi ba, Hambali. Kai ka gayyato su."

Ɗakin kwanansa kaɗai ya rage. Wata safiya ya fita alwala, ya dawo, tsohon na tsaye a ƙofa.

"Baba, da gumina na gina gidan nan."

"Mun sani. Ginin ya yi kyau. Hanya za mu fitar ta nan, mutanenmu na shan zagaye."

"Ni kuma ina zan je?"

"Ba ofishinmu ba ne. Miƙo hannu."

Ya zuba masa jar ƙasa cikin tafi, ya rufe ƙofa a hankali.

Hambali yana haya yanzu a bayan tasha. Kowace safiya sai ya zazzage ƙasar nan daga takalmansa. Ya ce ƙura ce.

Kada ɗayanku ya bi sabon titin nan shi kaɗai da magariba. In kuwa wani tsoho ya tambaye ku inda aka ba shi, ku ce ku ma baƙi ne.