Hawainiya a Kwalin Takalmi

A unguwar Sa'alaba, cikin Jidda, akwai wata yarinya da kowa a gidansu yake kira Auta. Ba ta da ƙiriniya. Sai dai duk abin da ya burge ta, gani take yi ya fi dacewa da ɗakinta.

Da aka yi hutun makaranta, Baba ya kai su wani ƙauye a kan duwatsun kudu. A can abokinsa Ammu Badr yake tsaron gandun daji. Wurin akwai ban mamaki. Gajimare yakan sauko ya bi hanya kamar mutum, har ya leƙa ta taga. Gonaki hawa-hawa ne kamar matakala. Birai kuwa suna zaune a bakin titi, suna duban motoci kamar za su tambayi iƙama, wato takardar izinin zama.

Ranar da za su koma, Auta ta ga hawainiya a kan reshe, koriya shar. Ido ɗaya yana kallonta, ɗayan yana harkar gabansa. Auta ta duba hagu, ta duba dama. Ta saka ta a kwalin takalmi, ta huda murfin, ta tura ƙarƙashin kujerar mota.

A Jidda zafi ya tarbe su, yadda ya saba. Amma Auta ta riga ta yi dabara. Ta ce a ranta, "Sanyi take so? Ai muna da mukayyif." Ta ajiye kwalin daidai inda na'urar sanyaya ɗakin take hura iska.

Ba a jima ba yayanta Mazen ya gano.

Ya ce, "Esh hada? Mene ne wannan? Ƙadangare kika sato?"

"Ba ƙadangare ba ne. Kuma ba sata ba ce, gayyata ce."

"Ta ce za ta zo?"

"Ba ta ce ba za ta zo ba."

Auta ta yi wa baƙuwarta hidima. Ta zuba mata ruwa a kofin shayi. Ta kawo shinkafa, ta gutsuro mata burodin tamis. Hawainiya ba ta taɓa ko ɗaya ba. Kullum launinta sai ƙara duhu yake yi. Idanunta suka faɗa. Ko motsi ta daina yi sosai.

Da aka koma makaranta, Auta ta tsaya wurin malamar kimiyya, Abla Mashael.

"Abla, wata ƙawata ce take da hawainiya. Ta ƙi shan ruwa."

"A ina ta samo ta?"

"A kan dutse. Wai."

Abla ta cire tabarau. Ta ce, "Hawainiya ba ta san kofi ba. Raɓar da gajimare ya bari a kan ganye take lasa. Abincinta ƙwari ne masu rai. Mukayyif kuma busar da iska yake yi. In aka bar ta haka, mutuwa za ta yi."

Auta ta sunkuyar da kai.

Abla ta ce, "Ki ce wa ƙawar taki ta gaya wa iyayenta yau. Ki kuma ce ta share hawaye, ga su nan suna jiƙa mini tebur."

Auta tana isa gida ta kai wa Ummi kwalin. Ummi ta ɗaga murfi, sai ta yi tsalle ta haye kan kujera.

"A'uzu billahi! Da wannan muke kwana a gida ɗaya?"

"Ummi, ki yafe mini. Ba ta da lafiya, kuma ni na jawo."

Ummi ta sauko a hankali. Ta ɗauko 'yar kwalbar da take fesa wa kaya ruwa in za ta yi guga. Ta fesa wa ganyen raihan da ke bakin taga, ta ce Auta ta ɗora hawainiyar a kai. Suka tsaya suna kallo. Can sai hawainiyar ta buɗe baki, ta lashi ɗigo ɗaya.

Da Baba ya dawo, ya kira Ammu Badr a waya. Ammu Badr ya ce, "Ku ci gaba da fesawa, amma ku dawo da ita. Jidda ba garinta ba ne."

Baba direba ne a unguwar Abhur, ranar Juma'a kawai yake hutawa. Wannan Juma'ar ma ya yi musu alkawarin wanka a teku.

Ya ce, "Halas, ba teku. Dutse za mu koma."

Mazen ya ce, "Saboda ƙadangare!"

Baba ya ce, "Saboda amana, ya waladi. Yalla, ka nemo mata ƙuda."

Tafiyar ba gajeriya ba ce. Mazen ya rantse ba zai yi wa Auta magana ba. Bai yi ba kuwa. Amma shi ya karɓi kwalbar, yana ta fesawa, yana tambayar hawainiyar ko ta gaji.

Suna isa, sanyi mai laima ya shafi fuskarsu. Auta ta nuna wa Ammu Badr bishiyar. Ta ɗora hawainiyar a kan reshe. Hawainiyar ta daɗe ba ta motsa ba. Sannan ta ɗaga ƙafa, ta yi shawara, ta ajiye. Ta lashi ganye, ta sake lasa. A hankali duhun jikinta ya fara washewa, kore ya dawo.

Auta ta yi tsalle ta rungume Mazen. Shi ma ya manta da rantsuwarsa.

Hawainiya ta shige cikin ganye ba tare da godiya ba. Auta ba ta ga laifinta ba.

Ammu Badr ya yi murmushi ya ce, "Ya binti, in kin yi kewarta ki zo. Ƙofarmu a buɗe take."

Tun daga ranar Auta ta gane cewa kowace halitta tana da gidan da Allah ya yi mata. Idan kana son dabbar daji, ka je ka gan ta a inda take, ka bar ta a can.